Mitar Motar Jonah

Da aka gama zaman makoki, baƙi suka watse, aka mayar wa coci da bencinanta, Abigail ta ce za ta sayar da motar mijinta. Ba ta yi shawara da kowa ba. Wata Lahadi ce bayan an tashi sujada ta faɗa a gaban matan zumunta, kafin la'asar kuwa duk unguwar Barade ta ji.

Motar Fijo ce fara. Marigayi Jonah ya saye ta sabuwa fil tun suna Yola, lokacin yana aiki a ofishin kuɗi na tsohuwar jihar Gongola. Da aka ƙirƙiro Taraba aka turo shi Jalingo, bai yarda ya tuƙo ta ba, wai hanyar akwai ramuka. A bayan babbar mota aka ɗoro ta, aka ɗaure da igiya, Abigail da yara suka zauna a gefenta kan katifu, rana tana dukansu, ita kuwa motar tana lulluɓe da tamfol. Suna sauka, aikin farko da ya yi a sabon gida shi ne gina mata rumfar kwano mai daɓen siminti.

Kullum da safe Jonah yakan yaye tamfol ɗin, ya goge ta da tsumma mai laushi, ya tada injin, ya karkatar da kai yana sauraro kamar likita. In ya gamsu sai ya kashe, ya mayar da tamfol, ya hau kekensa ya tafi ofis. Motar takan fita ranar Kirsimeti da ranar Ista, sai kuma in wani babba ya mutu ana so a ga wa ya zo da me. Ranar da naƙudar Murna, autarsu, ta kama Abigail ana tsuga ruwan sama, Jonah ya leƙa titi ya ga taɓo, sai ya ɗauki lema ya tafi neman tasi. Shi kansa da hawan jini ya kayar da shi a tsakar gida, bakinsa ya karkace, maƙwabta suka ruga za su buɗe rumfar, da hannunsa mai motsi ya dinga yi musu alamar a'a. A bayan a-kori-kurar wani mai sayar da katako aka kai shi asibiti.

Saboda haka Abigail ba ta da wani abin tunawa mai daɗi a cikin wannan mota. Malamar firamare ce, shekarunta sun kusa hamsin, lissafi take koyarwa, kuma ta daɗe da daina mamakin wautar manya.

Wanda ya fara zuwa shi ne Tobiya, ƙanen marigayi. Tobiya ba shi da takamaiman aiki. Yakan yini a bakin sakatariya da jakar hannu ta fata wadda babu komai a ciki sai tsohuwar jarida, yana jiran kwangilar da ba ta taɓa zuwa ba. Tsawon ran yayansa ba a taɓa barin sa ya taɓa ko murfin motar ba. Yanzu kuwa ya zo yana magana a kanta kamar shi ya haife ta.

"Maman Murna, wannan ba aikin mace ba ne," in ji shi. "Dillalan nan za su cuce ki. Ki bar mini, ina da mutum."

"Kawo shi," ta ce.

Mutumin nasa Alhaji Hadi ne, mai filin sayar da motoci a bakin babban titi. A Jalingo aka haife shi, amma ba ya minti biyar da mutum bai sanar da shi cewa kakansa daga Katsina ya zo ba. Suka iso tare ranar Talata da yamma, Alhaji cikin babbar riga mai ruwan ƙasa yana ƙamshin turare, Tobiya a bayansa yana taku a hankali cikin sabon takalmi mai sheƙi. Abigail ta dubi takalmin sau ɗaya. Makon jiya silifa mai ɗinki a gaba yake ja. Ba ta buƙaci a gaya mata wanda ya saya masa ba.

Alhaji ya yi mata gaisuwar rashi doguwa, ya yabi marigayi wanda bai taɓa sani ba, sannan aka yaye tamfol. Abigail tana kallon fuskarsa. Ta ga idonsa ya buɗe, ta ga ya haɗiye yawu, ta kuma ga yadda ya yi maza ya ɓata rai kamar wanda aka nuna wa mushe. Ya zagaya motar yana ƙwanƙwasa jikinta da zobe. Ya buɗe ƙofa, ƙamshin sabon abu ya fito, don ko ledar kujeru Jonah bai cire ba. Ya zauna, ya sunkuya ya leƙa mitar da ke bayan sitiyari, wadda ke ƙirga kilomitar da mota ta yi tun fitowarta daga kamfani. Sai ya fashe da dariya.

"Tobiya, zo ka gani. Dubu goma sha takwas! Motar da ta shekara goma sha biyu!"

Tobiya ya leƙa, shi ma ya yi dariya, ko da yake a fili yake bai san inda zai duba ba.

"Madam, Allah ya jiƙan maigida, amma an taɓa mitar nan," in ji Alhaji. "Ko dai an juya ta baya, ko kuma ba ta ƙirga daidai. Kowane yaro a gareji ya iya wannan aikin. A kwance ta, a murɗa lambobin, a mayar, kafin ki gama shan shayi an gama."

"Lalle ka san aikin sosai, Alhaji," ta ce.

Duk garin an san cewa motocin da ke filinsa, waɗanda ake kawowa daga Kwatano, babu wadda mitarta ta wuce dubu hamsin, ko da kujerar direba ta lotse kamar tsohon kwando. Alhaji ya yi kamar bai ji ba.

Ta nuna masa robar birki da ta totur, ko zanen jikinsu bai goge ba. Ya ce an canza su. Ta nuna masa sitiyari, babu inda hannu ya cinye. Ya ce shi ma ana canzawa. Ta nuna tayoyin da suka zo da motar, har yanzu da ƙananan gashin roba a gefensu. Ya girgiza kai cikin tausayi, irin na mai magana da wanda ba zai gane ba.

"Ke mace ce, Madam. Maigida zai iya fita da ita ba ki sani ba."

"Haka ne," in ji Tobiya. "Yaya mutum ne mai zurfin ciki."

Abigail ta dube shi har sai da ya sunkuyar da kai yana duba takalminsa. Jonah da ko gishirin miya sai ya tambayi inda ya tafi, shi ne zai saci jiki ya ƙona mai a ɓoye? Abin da ya fi ba ta haushi shi ne yau ita ce aka sa ta tsaya tana kare rowar mijinta, tana rantsuwa cewa da gaske ya hana ta shiga motar.

"To me kake so a yi?" ta tambaya.

Alhaji ya ce abu ne mai sauƙi. A kan hanyar Mutum Biyu akwai ginshiƙan siminti a bakin titi, kowane kilomita ɗaya. A fita da motar, a duba mita a ginshiƙi na farko, a yi tafiya, a sake dubawa. In ta yi daidai da ginshiƙan, to, ya yarda. In ta yi ƙasa, Madam za ta yarda cewa motar ta tsufa fiye da yadda take nunawa, a yi ciniki a kan haka.

Ta san yana sa ran ta ƙi, ko kuma ta ce su je su biyu su kawo mata labari. Ta ce ranar Asabar da safe, kuma da ita za a je.

Ranar Asabar Alhaji ya zo da jarkar mai daga wajen 'yan bumburutu, don gidajen mai a rufe suke tun makon jiya. Ya zuba yana ta nanata tsadarsa don a ji. Aka turo motar daga rumfa. Yaran unguwa suka taru, mata suka leƙo ta katanga, har wani tsoho ya cire hula, yana tsammanin wani ne ya sake mutuwa. Tobiya ya riga kowa buɗe ƙofar gaba.

"Baya," in ji Abigail.

"Maman Murna, ai ni zan riƙa duba..."

"Baya, Tobiya."

Ya koma baya da jakarsa a cinya. Ta zauna a gaba, ledar kujera tana ƙara a ƙarƙashinta tana manne mata a zane. Damina ta zo ƙarshe, garin ya yi kore, duwatsun da ke bayan gari sun fito tas. Injin yana tafiya sumul, ko ƙararsa ba a ji. Alhaji ya manta da ɓacin ran da ya ara, yana shafa sitiyari da tafin hannu, bakinsa a ɗan buɗe. Da ya lura tana kallonsa sai ya ce yana jin wata 'yar ƙara a ƙasa.

Bayan sun fita gari suka soma neman ginshiƙi. Ciyawa ta yi tsawo ta rufe bakin titi, ba a ganin komai. Alhaji ya rage gudu, ya ce Tobiya ya sauka ya duba. Tobiya ya sauka da sabon takalminsa ya kutsa cikin ciyawa mai raɓa, yana ɗaga ƙafa kamar zalɓe, ƙaya tana kama masa wando. Da kyar ya samo ɗaya, ya karkace, fentinsa ya koɗe amma ana iya karanta lambar. Aka tsayar da motar daidai da shi. Alhaji ya karanta mita da ƙarfi, Abigail ta sunkuya ta duba da idonta, don ba ta yarda da karatunsa ba.

Suka ci gaba. Ginshiƙi na biyu yana nan. Na uku babu shi. Na huɗu sun same shi a kwance ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro, nesa da titi, wata mai gasa masara ta mayar da shi kujera. Nan gardama ta tashi. Alhaji ya ce lissafi ya ɓaci, tunda ginshiƙai sun ɓace ba za a san adadinsu ba. Tobiya ya ce gaskiya ne, ya kamata a koma gida kawai a yi ciniki irin na mutunci. Suka yi ta ƙirga yatsu, ɗaya yana cewa huɗu, ɗaya yana cewa biyar.

Abigail ta bar su suka yi ta yi. Ta koyar da yara masu taurin kai iri-iri, amma ko ɗan aji uku ba zai tsaya a nan ba.

"Ba ƙirga su za ku yi ba," ta ce daga ƙarshe, a hankali, da muryar da take amfani da ita ga yaron da ya maimaita aji. "Kowane ginshiƙi da lamba a jikinsa. Ku riƙe lambar na farko. In mun sami wani can gaba, ku ɗebe ƙaramar daga babbar. Ko an sace duk na tsakiya, nisan bai canza ba."

Alhaji ya ce ai abin da yake shirin faɗa ke nan.

Suka yi tafiya mai ɗan nisa, suka wuce gonakin doya da na masara, da garken shanu da ya tare hanya. Inda ciyawa ta yi sauƙi suka ga ginshiƙi a tsaye, lambarsa a fili. Bambancinsa da na farko kilomita ashirin ne. Abigail ta sa yatsa a kan gilashin mitar. Ashirin ta ƙara, ba ragi, ba ƙari.

Alhaji ya daɗe yana kallon lambobin. Ya ɗan ƙwanƙwasa gilashin da farce, ko za su canza ra'ayi.

"Wasu mitocin sai tafiya ta yi nisa suke soma ha'inci," in ji shi. "Mu ƙara gaba."

Ta san ƙarya yake, ta kuma san daɗin tuƙin ne bai ishe shi ba. Amma iska tana shigowa ta taga tana kaɗa mata ɗankwali, kuma rabonta da ta zauna a mota ba a matse ta da kaya da mutane ba har ta manta. Ta ce su je.

A ginshiƙi na gaba da suka duba, mitar ta sake yin daidai. A na bayansa ma haka. Tobiya ya daina sauka, ya cire takalmin yana goge taɓo da jaridarsa.

"To, Alhaji?" in ji Abigail.

"Madam, wannan ya nuna tana ƙirga daidai yau. Bai nuna ba a juya ta baya jiya ba."

"Ka san haka tun a gida?"

"Kowa ya san haka."

"To me ya sa ka kawo mu nan?"

Ya taka totur, motar ta zabura, kamar gudun zai amsa masa. Sun kusa Mutum Biyu, har an soma ganin rufin kwano daga nesa, sai wani abu ya yi fus a gaba, farin tururi ya turnuƙe gilashi. Tobiya ya yi ihu ya kira sunan Yesu, ya buɗe ƙofa tun motar ba ta tsaya ba. Alhaji ya gangara gefe, kusa da wata mararraba inda hanyar ƙasa ta fito daga wajen kogi.

Da tururin ya lafa aka buɗe bonet. Tiyon da ke kai ruwa lagireto ne ya fashe. Alhaji ya taɓa shi da gefen rigarsa, robar ta ɓare a hannunsa kamar busasshen ƙosai. Nan take fuskarsa ta washe. Abigail ba ta taɓa ganin mutum ya yi murna da lalacewar abin da yake son saya haka ba.

"Kin gani, Madam? Kin gani? Wannan ita ce matsalar motar da aka ajiye. Roba duk ta bushe. Tayoyin nan da kike yabo, a ciki sun ruɓe. Motar da ba ta tafiya ta fi wadda ta sha hanya lalacewa. Wallahi tun da na ga lambar nan gabana ya faɗi. Dubu goma sha takwas a shekara goma sha biyu! Ai kashe mota ne."

"Kashe mota ne," in ji Tobiya daga nesa.

Abigail ta fito ta tsaya a gabansa. Ta fi shi tsawo kaɗan, abin da bai lura da shi ba sai yanzu.

"Ranar Talata ka ce ba ta da daraja don ta yi yawo da yawa an ɓoye. Yau ka ce ba ta da daraja don ba ta yi yawo ba. Wanne za mu riƙe?"

Ya yi murmushi, ko kunya babu. "Madam, kasuwa ce."

"Kasuwa ce," ta maimaita. "To bari in gaya maka abin da na sani, ba na kasuwa ba. Lambar nan gaskiya ce. Ni na san gaskiya ce, don duk inda ya kamata motar nan ta kai ni, da ƙafata na je. Makaranta, kasuwa, asibiti da yaro a goye, bikin 'yan'uwana. Ba ni bukatar ginshiƙi ya gaya mini. Kai ma ba ka bukata, tun ranar farko ka sani. Na zo ne kawai in ga iyakar inda rashin kunyarka zai tsaya, ga shi mun kusa Mutum Biyu bai tsaya ba."

Ta zura hannu ta taga ta zare makullin, ta ɗaure shi a bakin zanenta.

"Ba zan sayar maka ba. Ko za ka biya ninki biyu."

Alhaji ya yi dariya, ya ce fushi ne irin na mata, zai wuce. Ya kaɗe rigarsa ya tsaya bakin titi yana ɗaga hannu. Ba a daɗe ba wata tasi mai komawa Jalingo ta tsaya, wurin mutum biyu ya rage. Tobiya ya dubi matar yayansa, ya dubi Alhaji, ya dubi takalminsa.

"Maman Murna, bari in je in nemo bakanike. Yanzun nan zan dawo."

"Bakanike yana gabanka, ga Mutum Biyu nan. Jalingo za ka nemo shi?"

"Na can sun fi iyawa."

"Sauka lafiya, Tobiya."

Tasin ta tafi da su. Abigail ba ta ko bi ta da kallo ba.

A mararrabar akwai wata bishiyar ɗorawa, a ƙarƙashinta wata mata tana zaune a tsakiyar manyan kwanduna da aka rufe da takardar siminti. Tun tsayawar motar take kallon komai, tana ɓare gyaɗa. Ƙaƙƙarfa ce, ta manyanta, hannayenta baƙi ƙirin da hayaƙi. Ta matsa ta ba Abigail wuri a kan tabarmarta, ta miƙa mata gyaɗar ba tare da tambaya ba. Sunanta Fanta. Bandar kifi take saya a ƙauyukan bakin kogi ta kai kasuwar Jalingo. Tun safe take nan. Saboda wahalar mai motoci sun yi ƙaranci, waɗanda suka zo kuma direbobin sun ce warin kifi zai kori fasinja.

"Mijinki ne mai babban riga?" ta tambaya. Hausarta irin ta kasuwa ce, ba ruwanta da namiji ko mace.

"Allah ya kiyaye. Mijina ya rasu. Wannan mai saye ne."

"Ɗayan fa, mai tsalle?"

"Ƙanen mijina."

Fanta ta yi tsaki, ta jefar da ɓawon gyaɗa. Ta ƙare wa motar kallo, sannan ta ce, "Useko, don Allah, buɗe mini bayansa in gani."

Abigail ta buɗe but. Babu komai a ciki sai tayar safaya da ba ta taɓa taka ƙasa ba, da tsummokaran Jonah a ninke. Fanta ta auna faɗinsa da hannu, ta auna zurfinsa, ta danna bayan motar da ƙarfi ta ga yadda ya dawo. Ta leƙa kujerar baya ta tambaya ko ana iya cire ta. Gaban motar ko kallo bai ishe ta ba.

"Ba za ki duba mita ba?" in ji Abigail.

"Mene ne shi?"

"Abin da ke nuna nisan da ta yi."

"Ina ruwana da inda ya je? Inda zai je nake so."

Fanta ta tare wani mai babur ta aike shi cikin gari ya kira mata Manga, bakanike ne kuma mijin 'yarta. Manga ya zo da guntun tiyo da galan na ruwa, ya ɗaura, ya cika lagireto. Ya ce sauran robobin ma duk suna son canji, da tayoyi, amma injin kam bai taɓa ganin irinsa ba, in an bi a hankali za ta kai Jalingo. Da ya tambayi wa zai tuƙa, matan biyu suka dube shi.

Kwando uku suka shiga but. Sauran biyun babu wuri sai kujerar baya. Manga ya tsaya riƙe da kwando yana duban farar ledar, yana duban Abigail, man kifi yana ɗiga ta ƙasan kwandon.

"Mama, zai ɓata kujera fa."

"Sa shi," ta ce.

Haka suka shigo Jalingo da la'asar, tagogi a buɗe, warin banda ya cika motar, Fanta a baya ta rungume kwando tana ba da labarin wani direba da ya taɓa zubar mata da kaya a Tella. Abigail ta yi dariya har da hawaye. Kafin su kai kasuwa sun gama cinikin motar. Abin da Fanta ta iya biya bai kai abin da Alhaji zai bayar ba in an matsa masa, Abigail ta san haka, ta kuma amince.

Ranar Litinin Alhaji Hadi ya dawo da fara'arsa da sabon tayi, ya tarar da rumfa babu komai sai tamfol a ninke. Da ya ji wadda ta saya, sai da ya nemi wurin zama. Ya ce wannan mota ta babban sakatare ce, ko ta ɗan majalisa, yana da wanda ya riga ya yi wa alkawarinta. Abigail ta ce ashe ruɓaɓɓiyar mota tana da masoya, ta ba shi ruwa ya sha, ta raka shi ƙofa.

Tobiya kuwa ya kai ƙara wajen Fasto, wai an sayar da kayan gidansu ba a tambayi dangi ba. Fasto ya kira Abigail, ta ba shi labarin tun daga sabon takalmi har zuwa tasin da ta tafi neman bakanike. Fasto ya yi gyaran murya, ya ce a yi addu'a a tashi. Alhaji ma, da ya ga babu ciniki, ya aika a karɓo takalmin, aka ce sai da aka yi cacar baki a bakin sakatariya.

Wajen Kirsimeti Tobiya ya sake zuwa gidan, cikin silifa, fuskarsa kamar wanda ya kawo saƙon mutuwa. Abigail tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Ya ƙi zama.

"Maman Murna, na ga motar Yaya jiya a hanyar Sunkani. An cire kujerar baya. Jikinta duk taɓo, fitila ɗaya ta fashe. Kin san abin da ke ciki? Awaki. Awaki a motar Yaya!"

"Guda nawa?"

"Huɗu na gani."

Abigail ta bakace shinkafar, ta hure ƙaiƙayi.

"Manga ya yi sakaci," ta ce. "Ai za ta ɗauki shida."